Kwaɗon Pak Wagiran

Ranar auren rake, bikin da muke buɗe aikin shekara da shi, na zo masana'anta da warin albasa a hannuna, da fushi kuma a cikina. Ana gobe bikin da la'asar, lokacin da ya kamata ina zaune a bakin tukwane ina duba wanda ya shiga da wanda ya fito, ƙanena Darmaji ya tura ni bayan ofis in taya matan ma'aikata girki. Bana aka naɗa shi heluman sashenmu, to dole ya nuna wa na sama cewa har yayarsa yana iya aika. Na tafi na yanka albasa har idona ya kumbura, na soya tempe, wato ƙosan waken soya, ina suya ina zaginsa a zuci. Yaron da na goya, na wanke wa kashi a rafi, shi ne yake kirana wai "Bu Lasmini", wato Malama Lasmini, a gaban mutane, kamar bai san a ɗaki ɗaya aka yanke mana cibiya ba.

Aikina ba wani abin a zo a gani ba ne. Tukwane biyar gare mu na ƙarfe, kowace ta kai tsayin bene, a cikinsu ake dafa ruwan rake da tururi har ya yi kauri kafin ya wuce inda zai zama sukari. Cikin kowace cike yake da siraran bututai a tsaitsaye, ƙanzo kuma yana kama su kamar yadda yake kama tukunyar shinkafa. Idan lokacin matsar rake ya wuce sai a bar su su huce, maza su shiga ta 'yan ƙofofin da ba su fi faɗin tire ba, wasu ta sama, wasu ta ƙasa, su kankare ƙanzon, su canza bututun da ya ɓule. Ni kuma in zauna a bakin ƙofa in zuba ido. Kafin mutum ya sa ƙafa ciki, sai ya je wurin babban bawul ɗin tururi, wanda aka naɗe sitiyarinsa da sarƙa, ya rataya kwaɗonsa a jikin sarƙar, ya sa makullin a wuya. In ya fito, shi zai buɗe abinsa da hannunsa. Muddin akwai kwaɗo ko ɗaya a sarƙar nan, ba mai juya sitiyari. Haka na tarar ana yi, kuma don haka aka ajiye ni a wurin.

Safiyar nan gari ya cika maƙil. An riga an binne kan ɓauna a gindin injin matsa, makaɗa sun jera kugensu a farfajiya, 'yan kasuwa sun toshe hanya tun daga gada har bakin get. Ango da amarya, wato karan rake biyu da aka zaɓo daga gona mafi kyau, an yi musu fuska an ɗaura musu zani, suna jira a rako su ƙarƙashin laima a jefa su a inji su buɗe mana aikin bana. Mbah Tomo, tsohon da ke duba mana lokacin sa'a, ya ce a yi kafin rana ta take, in ta take an rasa sa'ar. Su kuwa tukwane dole su ɗau zafi tun kafin nan, don ruwan rake ba ya jiran kowa, yana tsayawa zai yi tsami. Shi ya sa tun da hantsi na nufi bawul in ga an warware sarƙa.

Na tarar saura kwaɗo ɗaya a jiki.

Ko daga nesa na san shi. Tsohon kwaɗon tagulla ne da aka ɗiga wa koren fenti, na Pak Wagiran, wato Baba Wagiran, tsohon da ke cikin masu shiga tukwane. Na leƙa gindin tukunya ta uku inda yake ajiye kayansa, ga silifas ɗinsa, ga fulas ɗin kofinsa. Na girgiza fulas ɗin na ji da saura a ciki.

Bari in faɗa tun yanzu, ba na shiri da Pak Wagiran. Ranar da aka fara zaunar da ni a bakin tukunya, shi ne ya tofar da yawu ya ce mace a bakin rami ba alheri ba ce, ya kuma faɗa da ƙarfi kowa ya ji, don dama bai iya magana a hankali ba. Dukan guduma a cikin ƙarfe ya cinye masa kunne tun da daɗewa. Sai ka tsaya a gabansa yana kallon bakinka sannan ya gane abin da kake cewa. In kuwa yana cikin tukunya, sai dai a bugi jikinta da guduma, ya ji a ƙashinsa ya rama. Bai taɓa gaishe ni ba, ni ma ban taɓa ɓata gaisuwata a kansa ba.

Na nemo Sarpan, babban masu sifana, don su ne suka rufe ƙofofin ina can ina fama da albasa. Ya ce sun haska tocila ta sama, sun yi kira, ba wanda ya amsa, suka ɗaure notuna. Na tambaye shi ta ƙasa fa, ƙarƙashin bututai inda hasken sama ba ya kaiwa, inda can ne Pak Wagiran yake aikinsa? Ya ce ai ɗaya rukunin masu sifana ne suka rufe ƙofofin ƙasa. Na nemo ɗaya rukunin, suka ce su sun ɗauka su Sarpan sun duba, amma dai su ma sun yi kira, har ma da ƙarfi.

Na ce, "Mas Sarpan, kurma fa kuka kira."

Ya jefar da sigarin kanumfarin da bai ma sha rabinsa ba. Na ɗauki guduma na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya ina bugawa, ina kara tafin hannu a jikin ƙarfe ko zan ji an rama. Shiru. Amma shirun bai gaya mini komai ba, don mutumin da ya kwana a rufe ba iska, in ya suma ai ba zai rama duka ba.

Ina cikin haka sai ga Darmaji cikin sabuwar rigar batik, karin guga sai ka ce zai yanki mutum, an shafa wa kai mai yana walƙiya. Ya saurare ni yana duban agogo. Ya ce tsohon mantuwa ya yi, ya tafi gida da makulli a wuya, ba yau aka fara ba. Ya aika aka kira mai gadin get, shi kuma ya ce yana jin kamar ya ga fitarsa jiya, ko dai shekaranjiya ne, don dai mutane sun yi yawa kwanan nan. Na tambayi Darmaji ko ya taɓa ganin Pak Wagiran ya tafi gida da takalmin aiki ya bar silifas. Sai ya tashi wani direba da babur ya ce ya je gidan tsohon ya karɓo makulli.

Muka tsaya jira. Gidan Pak Wagiran yana can bayan gonaki, ga hanya a toshe da motocin rake da masu talla. Daga farfajiya ana jin kiɗa ya ɗau zafi, an fara shigo da manyan baƙi daga gunduma. Masu kula da wutar tukunyar tururi suka aiko su ji me ake ciki, don su tun asuba suka tara tururinsu, yana ta huci a bututu yana neman hanya. Da direban ya dawo, daga yadda ya kashe babur ɗin na san bai zo da komai ba. Ya ce gida a kulle yake. Maƙwabciya ta ce ba ta ga dawowarsa jiya ba, kurciyarsa ma ita ta ba hatsi da safe, don ta dame ta da kuka a keji.

Nan tsoro ya kama ni. Na kalli tukunya ta uku, na ga kamar ta ƙara girma.

Darmaji ma ya ji tsoro, na gani a wuyansa, don tun yana yaro in ya tsorata maƙogwaronsa ne yake motsi. Amma sai ya ce a kawo almakashin ƙarfe. Kuma ba zan yi masa ƙarya ba, maganarsa ba ta mahaukata ba ce. Ya ce doka ta ba heluma ikon yanke kwaɗo in an nemi mai shi an rasa, an kuma tabbatar ba kowa ciki. An haska, an kira, an buga, an je gida. Na ce masa tabbatarwa da ido ake yi, a kwance ƙofofin ƙasa mutum ya rarrafa ya gani. Ya ce ko na san notunan da ke jikin kowane murfi, ga sabon gaskit, wato shimfiɗar bakin murfi mai hana yoyo, da za a lalata a sake yanka wani, kafin a gama biyar a mayar ai rana ta daɗe da takewa. Na ce na sani, ni nake zama ina kallon ana ɗaure su kowace shekara.

Sai ya matso kusa da ni ya rage murya, ya manta da "Bu Lasmini" ɗinsa, ya koma "Yu" ɗinmu na gida, wato yaya.

"Yu, bana fa shekarata ta farko ce. Ki rufa mini asiri."

"In yana ciki fa, Ji?"

"Ba ya ciki."

"Ka gani?"

Bai gani ba, kuma ya san bai gani ba, amma ya miƙa hannu ga mutumin da ya kawo almakashin. Ni ma ina da nawa kwaɗon, don wani lokaci nakan zura kai in miƙa wa na ciki fitila ko ruwa. Na zaro shi daga aljihu na datse a jikin sarƙar kusa da na Pak Wagiran, na jefa makullin cikin rigata inda ba namijin da zai sa hannu, sannan na zura hannuna ta cikin sitiyarin na riƙe sarƙar.

"To yanzu sun zama biyu. Ɗaya na wanda ba ka san inda yake ba, ɗaya na wadda ke tsaye a gabanka tana ce maka a'a. Zaɓi wanda za ka fara da shi."

Tun da aka gina masana'antar nan ban ji an yanke kwaɗo mai shi yana tsaye yana kallo ba. Masu sifana da masu kankara duk sun taru sun yi cirko-cirko, kowanensu kuwa yana da irin kwaɗon nan a aljihu. Mai almakashin ya duba hagu ya duba dama, ya sunkuya ya ajiye abinsa a ƙasa a hankali, ya koma baya yana gyaran hula. Darmaji ya ce in daina ba shi kunya. Na ce kunyar da zai ji yau mai wucewa ce. Ya ce wallahi zai sa a janye ni. Na ce ya zo ya ja da kansa, in ya tuna yadda muka ƙare ranar da ya taɓa gwadawa a kan ƙwan agwagwa. Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari.

Daga baya mutane sun yi ta ƙirƙiro mini dalili. Wai mijina ne tururi ya taɓa dafawa, wai mahaifinmu ne. Ƙarya ce. Mijina yana nan da ransa yana kiwon agwaginsa, mahaifinmu kuwa a kan tabarmarsa ya cika, ba wanda tururi ya taɓa dafa mini. Ni dai abin da na sani, na daɗe ina kallon fuskar maza lokacin da za su zura kai a 'yar ƙofar nan. Ko wane irin mai cika baki ne, in ya durƙusa zai shiga sai ya waiwayo ya kalli sarƙa. Shi kansa Pak Wagiran, da duk tofar da yawunsa, sai ya waiwayo. Kallon nan nake gadi, ba tukunya ba.

Ba a jima ba sai ga manaja da kansa, Pak Hartoyo, da fure maƙale a ƙirji. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda zai kore ka daga aiki kana yi masa godiya. Ya yaba mini da kula, ya ce kowa ya san ƙwazona. Ya ce baƙi suna jira, manoma ɗari da ɗoriya sun kwana a layi da rakensu, kuma in wani abu ya faru shi ya ɗauki alhaki a wuyansa. Na ranƙwafa kamar yadda ya kamata, na ce masa cikin ladabi, in tsohon yana ciki, alhakin da Pak zai ɗauka ba zai fito da shi ɗanye ba. Ya yi ɗan murmushi ya ce ina fatan na san abin da zai biyo baya. Na ce na sani, Pak. Na ƙara damƙe sarƙar.

Muna cikin wannan sai muka ji ƙarar ƙarfe. Sarpan ne ya sa sifana a murfin ƙasa na tukunya ta uku, ba wanda ya ce ya sa. Bai kalli manaja ba, bai kalli heluma ba, notunansa kawai yake kwancewa yana jerawa a kan tsumma. Sauran suka rabu, kowane rukuni ya kama tukunya. Pak Hartoyo ya tsaya yana kallo, sannan ya juya ya koma wurin baƙinsa ya ce a ƙara musu shayi.

Ni ba halin in bar bawul, daga nan nake hango su. Zafi ya sauko, zufa tana bin bayana, hannuna ya mutu a cikin sitiyari. Makaɗa sun gama abin da suka sani sun sake farowa daga farko. Ta ƙofar sashe ina hango ango da amarya ƙarƙashin laima, ganyensu ya fara laushi, wani baƙo mai tumbi yana riƙe da angon yana canza shi daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Da murfin ya faɗo, Sarpan ya datse nasa kwaɗon a sarƙata tukuna, sannan ya kama tocila da haƙori ya rarrafa ciki. Ban san na iya addu'a haka ba. Na roƙi Allah ya sa tsohon nan da rai, ko da zai fito ya sake tofa mini yawu.

Sarpan ya fito ya girgiza kai. Ba kowa. Aka duba ta biyu, aka duba ta huɗu, aka duba sauran, ba kowa sai ƙura da wani tsohon tsumma. Kafin a gama ladan ya kira azahar. Na ga Mbah Tomo ya tashi daga kujerarsa ya ɗauki sandarsa ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Na ji sanyi a raina, na kuma ji kunya, kuma kunyar ta fi yawa. Ga mutane sun zuba mini ido, ga rana ta wuce, ga tukwane biyar a buɗe kamar bakunan da ke yi mini dariya. Ina neman yadda zan zare hannuna da ya sandare, sai na ga mutanen bakin ƙofa suna darewa.

Pak Wagiran ne ya shigo. Da baƙar hularsa ta Juma'a, da tsohuwar rigar batik da ta sha guga, makulli yana reto a ƙirjinsa a kan rigar, inda kowa zai gani. Ashe a gidan ƙanwarsa ya kwana a bayan kasuwa. Tun safe yana zaune a rumfar mai miyar kaza da ke kallon get, a gabansa babur ya fita, a gabansa ya dawo. Ya tsaya a tsakiyarmu ya yi magana da muryar nan tasa da ake ji har farfajiya.

"Jiya suka kira ni ofis, suka ce kunnena ya ƙare, in je in huta. Ko ango ba su ce in ɗauka ba." A wurinmu duk wanda zai bar aiki shi yake ɗaukar ango a shekararsa ta ƙarshe, kowa ya san haka, ba wanda ya tuna. "Na ce to bari in ga ko za a neme ni."

Na zare hannuna na je na tsaya a gabansa daf, yadda zai ga bakina sosai.

"An neme ka, Pak. Ni na neme ka. Gawarka nake nema."

Ya kalli tukwanen a buɗe, ya kalli Sarpan da gwiwoyinsa suka yi baƙi, ya kalli kwaɗona a kusa da nasa. Ina jin sai a lokacin ya gane abin da muka zata. Shi a tunaninsa za a zo a ba shi haƙuri ne a karɓi makulli. Na nuna masa sarƙa na ce ya buɗe. Ya buɗe. Na karɓe kwaɗon daga hannunsa na ajiye a kan dandamalin siminti, na ɗauki gudumar da na yi ta buga masa da ita da safe, na yi ta duka har tagullar ta baje, koren fentin ya watse.

Ba wanda ya hana ni. Kwaɗo a sarƙar nan magana ɗaya yake yi, wato akwai mutum a ciki. Nasa ya faɗi wata daban. Daga ranar duk heluman da yake sauri zai iya kallon kwaɗo ya ce ƙila irin fushin Wagiran ne, a yanke, kuma wata rana ba zai zama fushi ba. An zalunce shi, ban musa ba, mutum ya ba wa wuri kunnensa a sallame shi kamar an kori kaza. Amma ya rasa abin da zai rama da shi sai abin da ke tsare ran abokan aikinsa. Ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗinsa da fulas, ya fita ta ƙofar baya. Tausayinsa ya kama ni, amma ban kira shi ba, da na kira ma ba zai ji ba.

Sai da aka mayar da murfi na ƙarshe, Sarpan ya cire nasa, sannan na laluba rigata na cire nawa. Aka juya sitiyari, tururi ya shiga yana gurnani. Aka jefa ango da amarya a inji bayan rabin baƙi sun watse. Darmaji ya zo wucewa ta gabana, rigarsa ta jiƙe ta manne a baya.

"Kin gani ko? Ba kowa."

"Na gani. Gobe ma in na ga kwaɗo haka zan yi."

Ba su ba ni goben ba. Sati bai zagayo ba aka mayar da ni ɗakin ɗinkin buhu, can ƙarshen masana'anta inda ko ƙarar tukwane ba a ji sosai, kuma Darmaji ne ya kawo mini saƙon, yana kallon bango. Aka zaunar da wani bawan Allah a wurina, mutumin kirki, mai ce wa kowa to. Shekarar kuwa duk abin da ya lalace ni ce. Bel ɗin inji ya tsinke, Lasmini ce ta ɓata sa'a. Ruwan sama ya hana motoci shiga gona, Lasmini ce. A kasuwa mai barkono ta tambaye ni ko zan sa wa kwandonta kwaɗo, na ce bakinta ya fi buƙata. Ranar addu'ar mahaifinmu ni da Darmaji muka zauna tabarma daban, matarsa tana kai da kawowa tsakaninmu da faranti kamar 'yar aike. Mijina ya ce in je in ba manaja haƙuri ko a mayar da ni. Na ce ya je ya ba agwaginsa haƙuri. Na zauna ina ɗinka buhu, kuma duk wanda na ɗinka sai an sa wuƙa kafin ya buɗu.

Aiki ya kai tsakiya sai tukunya ta uku ta fara yoyo ta ciki. Bututu ya ɓule, ruwan rake yana haɗuwa da tururi. Dole aka tsayar da komai aka bar ta ta huce, motoci kuwa suka yi layi har bayan gada, rake yana bushewa a rana. Gyaran daga ƙasa ake yi, a kwance a ƙarƙashin bututai, ga ƙarfe bai gama hucewa ba. Tun da Pak Wagiran ya tafi, mutum ɗaya ya rage da ya iya toshe bututu a irin wurin nan, don a hannun tsohon ya fara aiki kafin ya samu rigar heluma.

Ina kan buhu da rana tsaka na ga inuwa a bakin ƙofa. Darmaji ne cikin kayan aiki, da kwaɗo a hannu. Ban ɗaga kai ba.

"Yu, zan shiga ta uku."

"Allah ya fito da kai lafiya. Ai kuna da mai gadi."

"Muna da shi. In Pak Hartoyo ya ce ya matsa, zai matsa." Maƙogwaronsa ya motsa. "Ba don ke yayata ba ce na zo."

"Na sani. Yayarka ai da sai ta bari ka ɗan dahu tukuna."

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Na bar shi a tsaye sai da na gama bakin buhun na ƙulle zare, na soke allurar a inda nake soke ta, sannan na ɗauki wani buhun da ba kowa a ciki na naɗe a hammata, na wuce gaba ya biyo ni. Masu sifana suna ganina suka fara gyaran murya, Sarpan ya ce wa mai gadin ya je ya sha shayi. Darmaji ya datse kwaɗonsa a sarƙa, na datse nawa a gefensa. Ya je ya durƙusa a bakin 'yar ƙofar, ya kama tocila da haƙori, ya sa hannu ɗaya ciki. Sai ya waiwayo ya kalli sarƙa, daga nan ya kalle ni, sannan ya shige.

Na shimfiɗa buhuna a gindin bawul na zauna. Ba a daɗe ba sai ga Pak Hartoyo yana duban agogo, ya gan ni ya ɗan tsaya, ya tambaya da sanyin muryar nan tasa ko saura kamar yaushe a buɗe tururi. Na ranƙwafa na ce ban sani ba, Pak, akwai mutum a ciki. In ya gaji da tsayuwa, ga gefen buhu nan ya zauna.